Rafin da ke ƙasan ramukan haƙar ma'adinai yana canza launi, magani kuma ya rage ci a jikin yara

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikin jinya nake yi a wani ƙaramin asibiti, kuma galibin masu zuwa wurinmu suna zaune ne a gangaren wani tudu da aka daɗe ana haƙar ma'adinai a kansa. Wasu ramukan an watsar da su tuntuni, wasu har gobe ana aiki a ciki. Akwai rafi da ke gangarowa daga can. Da shi ake wanki, yara na wanka a ciki, idan rijiyoyi suka ja baya kuma har sha ake yi.

Shekarun nan rani yana tsawo fiye da yadda muka saba, ruwan sama kuma idan ya tashi zuwa sai ya zo da ƙarfi lokaci guda. Kafin ruwan farko, gefen rafin yakan yi wani ɓawo fari da ratsin rawaya, idan ka taka sai ya farfashe ya zama gari. Washegarin ruwan farko rafin yakan yi jawur, duwatsun ciki su yi santsi da wata jar laka, ƙananan kifaye su taso sama a mace. Bayan 'yan makonni sai layinmu ya cika: gudawa, amai, zazzaɓi, ƙuraje a ƙafafun yara. Wasu mu ba su maganin da muka saba bayarwa su warke. Wasu kuwa a shanye maganin tas, uwa ta dawo da ɗanta yadda ta tafi da shi, wani lokacin ma ya fi galabaita. Wannan dawowar ce ke hana ni barci.

Don Allah masu ilimin abin ku taimaka mini. Gubar da ke fitowa daga ramukan tana da alaƙa da ƙwayoyin cuta, ko kowanne hanyarsa daban? A tunanina ruwa mai guba ai kashe ƙwayoyin cuta zai yi. Sannan wannan sauyin yanayi da muke gani, yana da hannu a ciki ko kuwa dacewa ce kawai?

Malamin Ƙananan Halittu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan lura. Abin da kika bayyana, tun daga ɓawon har zuwa kifayen, abu ne sananne a duk inda ake haƙar ma'adinai a duniya, kuma ƙananan halittu suna tsakiyarsa tun daga farko. An ce ruwa ba ya tsami banza, to a nan a zahiri maganar take.

A duwatsun da ake samun zinare ko tagulla ko kwal, akwai wani dutse mai ƙyalli da ake kira fairait, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne, ba ruwansa da kowa. Da zarar an fasa shi an jibge a waje, iska da ruwa suka same shi, sai ya fara fitar da asid. Shi kaɗai a hankali yake yi. Amma akwai bakteriyar da ƙarfen nan da farar wutar su ne abincinta. Fitacciya a cikinsu ita ce Acidithiobacillus ferrooxidans, wadda aka fara ganowa a 1947 a ruwan ramin kwal a Amurka. Wani gwaji da aka wallafa a 1970 ya nuna cewa irin waɗannan halittu na iya hanzarta matakin da ya fi jinkiri a wannan aiki har ninki miliyan. Ita bakteriyar ba ta sa mutum ciwo. Aikinta narkar da dutse, asid ɗin da ta taimaka aka samar kuma shi ke kwance ƙarafa masu guba irin su dalma da asanik da kadmiyam da tagulla daga cikin duwatsun ya zuba su a ruwa.

Jan da kike gani tsatsar ƙarfe ce, kuma ba ita ce abin tsoro ba. Dalma da asanik idan suka narke ba su da launi, ba su da wari. Rafi na iya washewa garau bayan an yi nisa da ramin alhali yana ɗauke da su. Ruwan sha ma'aunin tsaminsa yakan tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, kuma a wannan ma'auni gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon ƙarfin tsami. Kogin Rio Tinto na Sifaniya, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙa, nasa yana kusan 2, wato tsamin ruwan lemun tsami ke nan, kuma duk da haka cike yake da ƙananan halittu. Don haka ruwa mai guba ba ya zama fanko. Raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kai su gaje wurin.

Yanzu ga inda yanayi ya shigo. Idan rani ya yi tsawo, ruwan da ya rufe duwatsun yakan ja baya, iska ta kai inda a da ba ta kaiwa. Zafi kuma yana ƙara wa bakteriyar nan kuzari. Ruwan tsamin da ke tsattsafowa sai rana ta busar da shi, ya bar wannan ɓawon da kika taka. Gishirin ƙarfe ne zalla, kuma narkewarsa ba ta da wuya. Ruwan farko na zuwa, abin da ya taru wata da watanni sai ya narke cikin 'yan sa'o'i ya afka rafi lokaci guda. Shi ya sa kifayen ke tasowa washegari. Doguwar bushewa da ruwa mai ƙarfi a bayanta, babu haɗin da ya fi wannan muni ga irin wurin nan, kuma shi ne haɗin da ɗumamar duniya ke ƙara kawowa a wurare da yawa. Ko ƙasashen sanyi ba su tsira ba. A tsaunukan Kolorado masu auna ruwa sun ga zink na ƙaruwa a wasu rafuka tsawon shekaru, daidai lokacin da zafi ke ƙaruwa ruwa ke raguwa. A Kanada, mahaƙar zinare ta Giant da ke Yellowknife ta bar tan 237,000 na garin asanik a ƙarƙashin ƙasa. A da an dogara ne ga daskararriyar ƙasar wurin ta riƙe shi, yanzu kuwa sai da aka koma shirin daskarar da ƙasar da na'urori.

Maganar maganin da ya rage ci ita ta fi damuna, don ita ce mutane ba su cika sani ba. Bakteriyar da ke zaune cikin ruwa mai tagulla ko zink ko zaiba dole ta samo hanyar kare kanta. Wasu suna da wata kafa a jikinsu da ke tunkuɗo gubar waje da zarar ta shiga, kuma sau da yawa wannan kafar tana tunkuɗo maganin antibayotik ma. Wasu kuma umarnin jure wa ƙarfe da na jure wa magani suna tare a kan ɗan guntun gado guda, wanda ake kira filasmid, kuma bakteriya na miƙa wa juna shi ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ke nan ƙarfen na tace masu jure magani ko da ba a taɓa zuba ƙwayar magani ko ɗaya a rafin ba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin, antibayotik yakan ruɓe da lokaci, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. To a can ƙasa, inda tsamin ya ragu, ambaliya ta kwaso bayan gidan mutane da kashin dabbobi ta haɗa da wannan ruwa, bakteriyar cikin hanji ta haɗu da ta cikin laka. A nan ake musayar. Zafi ma yana da nasa kason: wani bincike na 2018 a Amurka ya samu cewa yankunan da suka fi zafi da digiri 10 suna da ƙarin kusan kashi 4 cikin ɗari na E. coli, wata bakteriyar hanji, mai bijire wa magani. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne cututtuka masu bijire wa magani suka kashe kai tsaye a 2019.

Tsohon Mai Wankin Zinare ya amsa:

Ranka ya daɗe Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban yi karatun nan naku ba, amma na yi shekaru a bakin rami, kuma akwai abin da ba ku taɓo ba.

Idan an niƙa dutse aka zo wanki, zaiba ake zubawa a cikin kwano a murza da hannu har ta kama zinaren. Sai a zuba a ƙyalle a matse, abin da ya rage a ƙona shi, zaibar ta tashi hayaƙi, zinaren ya zauna. Mai ƙonawar fuskarsa na kan hayaƙin. Ruwan wankin kuwa kududdufi yake tafiya, kuma duk yadda ka kai ga matsewa sai ka ga ƙananan ɗigo suna sheƙi a cikin lakar. Lakar ƙasan kududdufin baƙa ce wuluk, idan ka tona ta wari take kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Damina na zuwa kududdufin ya tumbatsa ya haɗe da rafi. Mutane na kama kifi a ƙasa da wurin, mu ma muna ci. Tambayata, Malam, zaibar nan idan ta nutse a laka ta mutu ke nan, ko tana nan?

Ita kuma Malama ma'aikaciyar jinya, ina roƙonki ki riƙa tambayar iyayen yaran nan inda ake niƙan dutse. Ba kowa ke niƙa a daji ba. Wasu a tsakar gida suke yi, mata na daka, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Mazan kuma su dawo da kayan aiki fari fat da ƙura su ɗauki jariri. Sannan inda ma'aikata ke kwana babu bayan gida, kowa daji yake shiga, ruwa ya zo ya share ya kai ƙasa. Ramukan da aka bari kuma, da ruwa ya kwanta a ciki sauro ya samu gida. A cikin abokan aikina na da, waɗanda suka fi daɗewa kan injin niƙa su ne yanzu tari ya hana sakat.

Likita ta amsa:

Sista, sannu da ƙoƙari. Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ina so in ja hankalinki ga abin da Baba mai wankin zinare ya kawo, don a gadon asibiti shi ya fi gaggawa. Ba duk yaron da magani ya ƙi ci a jikinsa ne ke ɗauke da ƙwayar cuta mai taurin kai ba. Wani ba ƙwayar cuta ce ke damunsa ba sam.

Gubar dalma a jikin ƙaramin yaro tana zuwa da amai, ciwon ciki, kasala, ƙarancin jini, idan ta yi tsanani kuma jijjiga da suma. Duk wanda ya ga haka, zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau zai fara kawowa a ransa. Abin da ya faru a Zamfara ke nan a 2010. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suna bin sawun sanƙarau ne suka tarar yara na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyuka, maganin zazzaɓi da antibayotik kuma ba su yi aiki ba. Da aka gwada jini sai ga dalma, daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 aka rasa. A Kabwe ta Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma har yau ƙurar da iska ke kwasowa daga tarin sharar tana cikin jinin yaran garin. Rani mai tsawo kuwa ƙarin ƙura ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiyayye. A ƙa'idarta ta 2021, daga maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini ana neman tushen gubar a raba yaro da shi, daga 45 kuma ana maganar maganin da ke fitar da ita. Kuma darasin Zamfara shi ne sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gida tukuna, in ba haka ba yaro ya gama magani ya koma ya sake kwasa.

Don haka idan uwa ta dawo miki da yaro, kafin ki sauya masa antibayotik zuwa mai ƙarfi, ki tambayi sana'ar gidan. Ina faɗin haka da nauyi a raina, don gudawar yara da yawa ma ba bakteriya ke kawo ta ba, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink su ne maganinta. Duk antibayotik ɗin da muka bayar ba bisa buƙata ba, mun ƙara wa masu bijirewar nan ƙarfi da hannunmu, ƙari a kan abin da ƙarfen rafi ke yi.

Sauron ramuka ba ƙaramin abu ba ne. A 1961 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Benezuwela ta kawar da zazzaɓin cizon sauro daga babban ɓangaren ƙasarta. A 2017 sai ga masu cutar sun haura 400,000, kuma cibiyar ɓarkewar ita ce yankin haƙar zinare na jihar Bolibar, inda aka sare daji aka bar ramuka cike da ruwa, ma'aikata kuma suna komawa garuruwansu da cutar a jini. Tarin abokan Baba kuwa, a gaya musu su je gwajin tarin fuka. Ƙurar dutse tana yi wa huhu tabon da ba ya gogewa, kuma mai wannan tabon ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka kusan ninki uku. Ma'aikatan ramukan zinare na Afirka ta Kudu sun daɗe suna ɗanɗana wannan.

Ma'aikaciyar Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, daga gobe tambayar sana'ar gida za ta shiga cikin tambayoyina. Malam, saura biyu. Kullum muna ce wa iyaye su tafasa ruwa, ya isa? Sannan idan na samu wanda zai gwada mana ruwan rafin da na rijiyoyi, yaya ake ɗiba, kuma yaushe?

Malamin Ƙananan Halittu ya sake amsawa:

Bari in fara da Baba, don tambayarsa ta taɓo wuri mai zafi. Baba, ba ta mutu ba, a lakar nan ma take komawa mafi muni. Warin ƙwan da kake ji shaida ce cewa babu iska a wurin, kuma wata irin bakteriya ce ke aiki. Cikin irinta akwai masu ɗaukar zaiba su mayar da ita wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke shiga nama ya zauna. A 2013 aka gano ƙwayoyin gado biyu da ke ba su wannan iko. Ƙaramin ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaron, babban kifi ya ci ƙananan, a kowane mataki tana ƙara taruwa. Dafuwa ko suya ko ƙyafewa ba sa fitar da ita. Wanda ta fi yi wa illa shi ne ɗan da ke cikin ciki, don ƙwaƙwalwarsa take taɓawa. Irin wannan gubar ce ta nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka tabbatar da cutar a 1956, ko da yake can masana'anta ce ta zubar. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013. A yau ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba wajen sakin zaiba a iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗan Adam ke fitarwa. Laka mai ɗumi, wadda ke bushewa ta sake jiƙewa, ko ambaliya ta binne ciyayi a cikinta, ita bakteriyar nan ta fi so. Don haka mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su ƙaurace wa manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu daga ƙasan wurin wanki.

Malama, tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kada a daina. Amma ba ta taɓa dalma ko asanik ko kaɗan, idan ma ruwan ya daɗe a wuta ya ƙone, ɗan ƙara musu kauri yake yi. Kulorin, maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, shi ma haka. Barin ruwa ya kwanta a tace yana rage abin da ke manne da laka, narkakken kuwa yana nan. Ruwan da ya biyo ta ramuka ba a gyara shi a cikin tukunya, sauya wurin ɗiba ake yi, musamman a makonnin farkon damina. Rijiya mai zurfi ma sai an gwada ta. A Bangaladash an gudu daga ƙwayoyin cutar ruwan sarari aka koma rijiyoyin burtsatse, sai ga asanik a ciki, wanda bakteriyar ƙarƙashin ƙasa ke kwancewa daga tsatsar da ke riƙe da shi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa asanik ita ce maikirogiram 10 a lita.

Ɗiba kuwa kwalba biyu ake yi a kowane wuri, don gwaji biyu ne daban. Ta ƙwayoyin cuta dole ta zama wadda ɗakin gwaji ya tsarkake, kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfin, a sa ta a sanyi, ta isa cikin 'yan sa'o'i, kada ta wuce kwana ɗaya. Ta ƙarfe kuma roba ce da aka wanke da asid, su ma su za su ba ki. Ki ɗiba a sama da ramukan, da daidai ƙasansu, da inda mutane ke ɗiba, ki rubuta rana da lokaci a jikin kowace. Kuma a yi sau biyu aƙalla: ƙarshen rani, da washegarin ruwan farko. Wanda ya zo tsakiyar damina, bayan ruwa ya wanke komai, zai iya rubuta cewa rafin lafiya lau yake, kuma da wannan takardar za a rufe bakin kowa. Idan da hali a haɗa da ƙasar tsakar gidajen da ake niƙa, don a maganar dalma ƙura takan fi ruwa laifi.

Gyaran rafin kansa yana yiwuwa. Ana bi da ruwan ta cikin dutsen farar ƙasa ya kashe tsamin, ana rufe tarin duwatsun da yumɓu don iska ta daina kai musu, ana kuma gina fadama ta musamman inda bakteriyar baƙar lakar nan ke kama ƙarfe ta kwantar da shi. Sai dai tunda a wurinku ana wanki da zaiba, duk wanda ya zo da shawarar fadama ki tambaye shi ko ya auna zaibar tukuna, don bakteriyar da za ta kama muku tagulla da zink, a cikin danginta ne ake samun masu mayar da zaiba gubar kifi.